Kiyashi a Rijiyar Tudu

Ina tsugune ina yi wa tayar keke faci Tela ya faɗo mini gida, ko sallama babu.

"Tashi, Sawu! Sun kashe mu! An zuba wa rijiyar tudu guba!"

"Su wa?"

"Su wa kuma? Kamfani mana!"

Tela mutum ne da in ya buɗe baki sai kaji sun watse. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya kafa shingensa a bayan gari ya ajiye almakashi ya zama mai magana da yawun kowa, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Ni kuwa bin sawu ne aikina, shi ya sa sunan ya manne mini. Akuya ta ɓata, ni. An haura katanga an ɗauke injin ban ruwa, ni. Amma ruwa? Wa ya taɓa bin sawu a cikin ruwa? Na dai wanke hannu na bi shi.

Abin da ake ce wa rijiyar tudu ba rijiya ba ce irin ta guga. Bututun ƙarfe ne da ya kai ƙugu, a tsaye a tsakiyar ɗan daɓen siminti, da murfi da kwaɗo. Hukumar ruwa ce ta sa aka haƙa shi don awo kawai. Da muka isa na tarar da rabin gari a wurin, kowa yana tattake ƙasar da ya kamata in duba. Raina ya ɓaci nan take.

"Ku ja baya! Kun kira ni in bi sawu, kun zo kun yi mini rawa a kai! Ku ja baya, don Allah!"

Sun riga sun tsare mai gadin kamfani a jikin shinge, an yaga masa wuyan riga. Yayata ma tana wurin, ta sauke jarkar man girkin da take sayarwa, ta riƙe ƙugu. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfurata Auta take kirana. Bara 'yar jikarta ta rasu bayan ta yi ta sanƙarewa, likita ya ce dalma ce, daga tsohon ramin da masu haƙa na da suka bari. Kamfani ya sayi wurin har da ramin, ya kuma ƙi cike shi. Tun daga ranar Yaya ba ta ƙara jin sunan kamfani ba tare da ta tofar da yawu ba.

"Ai gara da rijiyar ta nuna, Auta," in ji ta. "Yanzu dole su gani da idonsu."

Ina juyawa sai na hango matar da ke zuwa awo daga hukuma tana yafito ni. Mai Awo muke ce mata. Ta ja ni gefe, idonta ja wur.

"Baba, ka saurare ni da kyau, don waɗannan sun ƙi saurara. Rijiyar nan tana sama da wurin haƙa. Ruwan ƙasa daga nan yake gangarawa, ya ratsa ƙarƙashin kamfani, sannan ya isa rijiyoyinku. Shi ya sa muke auna ta tun kafin su fara wanke dutse. Ita ke nuna mana yadda ruwan yake kafin kowa ya taɓa shi. Abin da muka samu a nan shi zai zama iyaka. Ran da rijiyoyin gari suka wuce wannan iyakar, a rufe kamfani."

"To?"

"To duk rani garau take. Awon baya-bayan nan kuwa dalma ta yi sama kamar ba ita ba. Masanin kamfani ya ce damina ce ta wanko ta daga dutse, wai haka ruwanku yake tun asali. Jibi kwamiti zai zauna. In suka yarda da shi, iyakar za ta koma can sama. Su zuba abin da suka ga dama, doka ta ce ba su yi laifi ba."

"Har zuwa yaushe?"

"Har su gama haƙa. Yaran da ke goye yau sai sun yi nasu 'ya'yan."

Na juya na dubi yaran da ke goye a bayan uwayensu.

"Ni na san zuba mata aka yi," ta ce. "Amma kwaɗo lafiyarsa lau, makulli kuma a jakata yake kwana. Kwamiti ba zai karɓi 'na sani' ba. Ina son wanda ya zuba, da yadda ya zuba."

Na ce mata ta bar ni da shi.

* * *

Da mai gadi na fara, bayan na ƙwace shi daga hannun samari. Na zaunar da shi a kan benci a ƙofar ɗan ɗakinsa na kwano, daga inda ake hango rijiyar sarai.

"Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba, Baba."

"Kai, ka dube ni. Daga nan ko ƙadangare ya hau bututun can sai ka gan shi."

"Hanyar kasuwa ce ta wuce ta wajen. Kowa yana bi. Ni ƙofa aka ce in tsare."

Yana magana yana murza hularsa, idonsa a ƙasa. Na duba takalminsa, na duba ƙasa. Sawunsa yana zuwa har kusa da daɓen ya tsaya, ya juya ya koma. Mutumin da ya zo zuba abu ba ya tsayawa nesa da bututu haka. Wannan tsayuwar mai kallo ce.

"Ba kai ka zuba ba," na ce. "Amma wallahi ka san wani abu."

"Baba, ina da iyali."

"Su iyalin naka man fetur suke sha, ba ruwa ba?"

Ya ci gaba da murza hular. Na tashi na bar shi, don in na ƙara zama sai na mare shi.

* * *

A ƙarƙashin wata itaciya kusa da rijiyar akwai sawun babbar mota, ya nutse sosai, kuma ba na rana ɗaya ba ne. Tela da ke biye da ni ya daka tsalle.

"Ga shi nan! Tankar kamfani! Ban faɗa muku ba?"

Muka sami direban tankar a gareji yana wanke gilashi. Da na tambaye shi abin da ke kai shi tudu sai ya fara kame-kame, Tela ya ci kwalarsa, daga ƙarshe ya ciro waya ya ce shi fa a can ne kawai ake samun sabis, kuma budurwarsa in bai kira ta da azahar ba sai ta yi kwana tana fushi. Makanikai suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na koma na duba wurin. Motar a inuwa take tsayawa kullum, bayanta na kallon hanya, kuma tsakaninta da bututun babu alamar an ja tiyo a ƙasa. Daga ƙofar direba sawu ne na mutum mai kai da komo a wuri ɗaya yana murza ƙasa da yatsan ƙafa. Soyayya ce kawai ta sakarai, ta cinye mini rabin yini.

* * *

Manaja ya karɓe ni a ofis mai sanyi kamar cikin randa. Ya sa aka kawo mini lemo, ban taɓa ba.

"Ka bincika, Baba, ƙofarmu a buɗe take," ya ce, yana murmushi. "In ka sami hannun ɗan kamfani a ciki, ni da kaina zan kai shi caji ofis. Ɗan kamfani fa."

"Kai ba ka damu ba ke nan."

"Me zai dame ni? Masaninmu ya yi bayani. Dutsenku ne mai dalma."

Na sha zama gaban ɓarayi. Mai laifi yana yawan magana, ko ya yi fushin ƙarya. Wannan kuwa a kwance yake, kamar wanda aka yi wa noma kyauta. Na fito ina tafasa, ban kuma san dalili ba.

* * *

Washegari da hantsi na koma tudu ni kaɗai. Ruwan sama ya wanke abin da mutane suka rage. Na zagaya, na zagaya, babu komai. Na zauna a kan daɓen ina zagin Tela da direba da ni kaina.

A nan na ga kiyashi.

Layi suka yi tun daga gefen siminti, suka hau bututun. Kiyashi ba ya hawa ƙarfe mai zafi don yawon shan iska. Na bi su da ido. Ba murfin suka nufa ba. A ƙarƙashin leɓen murfin, ta bayan kwaɗon, akwai wata 'yar huda da aka bari don iska, ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. A bakinta suka yi cincirindo. Na sa yatsa na shafo, na shinshina.

Man girki.

Ba baƙin mai na inji ba, ba gas ba. Man miya. Wani ya cusa bakin mazurari a hudar nan, mazurarin da ya saba zuba mai. Ɗan kamfani da tiyo da injina me zai yi da mazurarin miya? Na duba daɓen da kyau. Ga zoben gindin jarka, ja-ja, ya bushe a kan siminti, kuma ba ɗaya ba ne, wani a kan wani. Ruwa mai wannan launin wuri ɗaya ne a duk yankin.

Na gangara tsohon rami. A gefensa akwai inda dutse ya yi rumfa, ruwan sama ba ya kaiwa, nan ne kawai mutum zai iya durƙusawa ya cika jarka. Laka ta riƙe sawun tsaf. Silifas ne na mace, na hagu da faci a dunduniya, facin robar tayar keke mai kusurwa uku.

Ni na yanka facin. Ni na liƙa shi da hannuna, tana zaune tana yi mini tsiya wai gam ɗina na banza ne.

* * *

Na tarar da ita a tsakar gida tana ɗura mai a kwalabe. Mazurarin yana hannunta. Jikokinta biyu da suka rage suna wasa a bakin rijiyar gidan.

"Yaya, ke ce?"

Ba ta ko ɗaga kai ba. "Ni ce. Sai me?"

"Innalillahi! Yaya!"

"Kar ka yi mini ihu a gida. Duk ranar kasuwa in na juye mai, sai in biyo ta ramin in cika jarka in hau tudun nan da ita, da wannan ƙugun nawa. Ka san nauyinta? Na yi, kuma ban yi nadama ba. Sun je can sama inda ruwa ke da kyau sun kafa bututu, suna auna mai kyau suna rubuta mai kyau, don su ce wa duniya lafiya muke. Tela ya faɗa a bainar jama'a, wayo ne. To ni na kai musu ruwan da ya kashe mini yarinya. Su auna shi!"

Ranar da hukuma ta zo yin bayani a gari, ranar kasuwa suka zaɓa, mata duk ba sa nan. Abin da ya isa kunnen Yaya shi ne abin da ya fito daga bakin Tela. Allah wadaran bakin nan.

Na durƙusa gabanta na ja layi a ƙasa da tsinke. Na nuna mata tudu, na nuna mata kamfani, na nuna mata rijiyar da jikokinta ke wasa a bakinta. Na maimaita mata maganar Mai Awo dalla-dalla.

"Kin gane? Ba kama su kika yi ba. Izini kika ba su. Gobe za a rubuta cewa ruwanmu da guba aka halicce shi, kuma daga nan duk abin da ya shigo rijiyar can, ba laifin kowa ba ne."

"Ƙarya suka yi maka."

"Yaya, manajansu murmushi yake yi."

Mai ya cika kwalbar ya fara zuba a ƙasa, ba ta lura ba. Ta daɗe tana kallon yaran. Sannan ta ajiye mazurarin a hankali.

"To ka ce wani ne. Ka ce mai gadi ne."

"Su kashe shi?"

"To ka ce ba ka gano ba."

"In ban gano ba, sun ci."

"Auta." Muryarta ta yi ƙasa. "A gadon bayan nan nawa ka yi wayo. Za ka tsaya gaban gari ka ce ni na zuba guba a ruwa? Ni da na binne jika? Da wane ido zan sake shiga kasuwa? Wa zai ƙara sayen man hannuna?"

"Ki tashi ki faɗa da bakinki. Zan tsaya a gefenki."

"Ba zan faɗa ba. Kai ma ba za ka faɗa ba."

Na fita ban yi mata sallama ba. A ƙofar gida na tsaya na daki bango har hannuna ya fashe.

* * *

A ajin makarantar firamare kwamiti ya zauna. Manya uku a gaban allo, Mai Awo a gefe, Manaja da masaninsa a kujerun da suka zo da su, ɗan sanda a bakin ƙofa. Na sa aka kawo mai gadi da direba. Jama'a suka cika ajin har tagogi. Yaya tana can baya cikin mata, ta ja mayafi har goshi.

Shugaban kwamiti ya ce in yi magana, kuma in taƙaita.

Na wanke direba, aka yi dariya. Na ce ba mai gadi ba ne, aka yi gunaguni. Sannan na faɗi kiyashi, da 'yar hudar iska, da man girki, da zoben jarka, da launin ruwan tsohon rami. Mai Awo ta miƙe ta ce in haka ne, dalmar da ta auna ba daga dutse ta fito ba, kuma dole a soke awon.

Masanin kamfani ya gyara tabarau. "Kiyashi ne hujjarku? Za mu soke awon hukuma saboda kiyashi? In zubawa aka yi, ina wanda ya zuba?"

Shugaban ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Ba mutum, ba magana. Malam, ka san shi ko ba ka san shi ba?"

"Faɗi sunansa, Sawu!" Tela ya kwarma ihu. "Faɗi mu ci ubansa!"

Na juya na dubi bayan aji. Na jira. Wallahi na jira har shugaban ya ɗauki biro. Na roƙe ta da ido ta tashi. Ta kawar da kai ta dubi taga.

"Na san ta," na ce. "Yayata ce."

Ban san irin ƙarar da ta tashi ba, don kunnena ya toshe. Na dai ga matan da ke kusa da ita sun ja jiki sun bar ta ita kaɗai a benci. Na ga bakin Tela a buɗe, karon farko a rayuwarsa ba abin da ya fito.

Manaja ya miƙe yana gyara hannun riga. "To, kun ji. Mutanenku ne, ba mu ba. An ɓata mana suna, an taɓa kayan hukuma. Ofisa, ka yi aikinka."

"Kai!"

Mai gadi ne. Ya miƙe, hularsa a dunƙule a hannu.

"Kai, ka ji tsoron Allah! Tun ranar farko na gan ta. Na zo har ofis na faɗa maka, na ce wata tsohuwa tana ɗura jan ruwa a bututun gwamnati. Me ka ce mini? Ka ce in bar tsohuwa ta yi aikinta. Ka ce in na ƙara ganin ta in juya baya. Dariya ka yi! Shekaranjiya saura kaɗan a kashe ni a kan wannan, kana ofis kana shan sanyi. Ka riƙe aikinka!"

Ya jefa masa hular a ƙirji.

Sai a lokacin Yaya ta ɗago kai. Ta dubi Manaja, ta daɗe tana kallon sa.

"Kana kallona ina hawa tudun nan," ta ce. "Da jarka a kai."

"Ba ni na zuba ba, Hajiya," ya ce.

Da ɗan sanda bai tare samari ba, da ba a fitar da shi daga ajin da ƙafafunsa ba. Shugaban ya buga tebur har ya gaji. Da aka lafa ya ce an soke awon damina, za a yashe rijiyar a toshe hudar a sake daga farko, kuma kamfani ba zai wanke ko tsakuwa ɗaya ba sai an gama. Maganar Manaja kuwa wai za a kai sama a duba. Ni na san irin duban nan.

Yaya fa sai da aka tafi da ita, don ita ce hannunta ya taɓa. Ta taso daga bayan aji ba wanda ya riƙe ta. Da ta zo daidai inda nake ta tsaya. Ta sunkuya ta cire silifas ɗin, ta ajiye su a gabana, ta fita zuwa motar 'yan sanda ƙafa ba takalmi.

Ba ta daɗe a can ba, Mai Awo ce ta yi ta zirga-zirga har aka sake ta. Iyakar da aka sa daga baya ta ruwan rani ce, mai tsauri, kuma duk wata ana zuwa a auna rijiyar gidan Yaya. Garau take. Jikokinta suna sha, suna wanka, suna fesa wa juna.

Man girki dai ta daina sayarwa, don ba mai saya. Silifas ɗin suna ƙarƙashin gadona. Jiya da safe muka yi kiciɓis a bakin hanya, na tsaya na rusuna na ce, "Yaya, ina kwana?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam," ta wuce.